Kogin Kano: Daga Duwatsun Doguwa Zuwa Tafkin Chadi

A can ƙarshen kudancin jihar Kano, inda ƙasar jihar ta tsuke ta kutsa tsakanin jihohin Kaduna da Bauchi, akwai wani yanki mai duwatsu da dazuzzuka wanda akasarin mazauna birni ba su san shi ba sai ta tagar mota, idan tafiya ta kama su zuwa Saminaka ko Jos. Wannan yanki shi ne ƙaramar hukumar Doguwa, wadda hedikwatarta take garin Riruwai, kuma daga tsaunukan wannan shiyya, waɗanda su ne gangaren arewa na tudun Jos, ƙoramun da suke haɗuwa su zama Kogin Kano suke gangarowa. Ko da yake kogin sunan birnin Kano yake ɗauke da shi, bai ratsa birnin ba, kuma mafi yawan ruwansa ba a kusa da birnin yake sauka ba. Rayuwar kogin a hannun wannan lungu mai nisa take, domin a nan ne damina ta fi ƙarfi, a nan ne kuma sauran daji mafi girma na jihar yake tsaye.

Yanayin ƙasa da mararrabar ruwa

Ƙasar Kano akasarinta shimfiɗaɗɗiya ce, amma tun daga Tudun Wada, idan aka nufi kudu, sai ta fara tashi sannu a hankali har ta kai duwatsun Riruwai, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,000 daga doron teku, kuma su ne wuri mafi tudu a jihar. Masana ilimin duwatsu sun bayyana cewa waɗannan duwatsu ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya mutu fiye da shekaru miliyan 150 da suka wuce, wanda iska da ruwa suka cinye samansa suka bar gindinsa a siffar zobe. A cikin irin wannan dutse ne ake samun kuza da sauran ma'adinai, shi ya sa arzikin ƙarƙashin ƙasar Riruwai ya yi kama da na Jos.

Tudun yana da tasiri a kan damina, domin iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da danshi, idan ta ci karo da tsauni sai ta hau sama ta yi sanyi, danshin ya zama hadari ya zuba. Saboda haka ruwan da ke sauka a Doguwa a shekara yakan haura milimita 1,000, damina kuma takan fara da wuri ta kai har watan Oktoba, alhali kuwa a birnin Kano abin bai kai haka ba, a Nguru kuwa, can ƙasan kogin, da ƙyar ake samun rabin wannan adadi. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa kogin yake da daraja, tun da yake yana kwashe ruwa daga inda ya wadata ya kai shi inda ake ƙishirwarsa.

Wannan shiyya kuma mararrabar ruwa ce, wato tudun da ya raba ƙoramu gida biyu, kowane gida ya nufi nasa kwarin. Ƙoramun da suka gangara yamma, ta ƙasar Lere da kewaye, suna faɗawa cikin Kogin Kaduna, daga nan su shiga Kogin Kwara su ƙare a teku. Waɗanda suka gangara arewa kuwa su ne na Kogin Kano, kuma ruwansu ba ya ganin teku har abada, domin kwarin Tafkin Chadi rufaffe ne, ba shi da mafita, duk abin da ya shiga cikinsa sai dai ƙasa ta shanye shi ko rana ta ɗauke shi.

Kafin a gina madatsun ruwa, Kogin Kano kogin damina ne kawai. A watannin Yuli da Agusta yakan cika ya batse, ruwansa ja jawur saboda lakar da ya kwaso, ya hana mutane ƙetarewa sai da gora ko kwalekwale. Da an shiga rani kuwa sai ya janye, ya bar faffaɗan yashi da 'yan gurabe nan da can. Amma ko a lokacin ruwan bai tafi duka ba, yana kwance a ƙarƙashin yashin, shi ya sa har yau a rassan kogin na sama mace za ta durƙusa ta tona rami da ƙoƙo, ta jira ruwa ya tsatso, ta kwalfe na farko mai dauɗa ta zubar, sannan ta ɗebi garau ɗin da yashi ya tace ta cika tulunta. Makiyaya ma irin wannan tono suke yi, sai dai nasu ya fi faɗi, don shanu su samu wurin sa baki.

Kuza, hare-hare da zaman mutane

Tun kafin zuwan Turawa sunan Riruwai ya yi nisa saboda kuza. Maƙeran garin sun san yadda ake wanke yashin ƙorama a ƙwarya, a riƙa jujjuya shi cikin ruwa har farin yashi ya fice, baƙin mai nauyi ya kwanta a ƙasa, sannan a narka shi a matoya da gawayi da zugazugai. Idan ƙarfen ya narke sai a zuba shi cikin siraran ramukan da aka yi da tsinken ciyawa a jikin ɗanyar toka, ya daskare ya fito siri-siri kamar tsinkayen. A wannan siffa fatake suke ɗaukarsa zuwa Kano da sauran kasuwanni, inda ake yin zobba da mundaye da shi, ko a shafe kayan tagulla. Waɗannan tsinkayen kuza da Turawan Kamfanin Neja suka gani a kasuwanni su ne suka sa su bin sawu har suka gano arzikin tudun Jos a farkon ƙarni na 20.

Ƙarni na 19 bai zo wa kudancin Kano da kwanciyar hankali ba. A shekarun 1840 wasu malamai, ƙarƙashin jagorancin Malam Hamza na Tsakuwa, suka bijire wa sarautar Kano suka koma duwatsun Ningi, inda suka haɗa kai da mazauna duwatsun suka kafa daular da ta daɗe tana kai hare-hare kan garuruwan kudancin masarautar. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da Ningawa, kuma garuruwa masu ganuwa irin su Tudun Wadan Dankadai da Rano da Bebeji sun zama mafaka ga mutanen karkara. A cikin wannan hargitsi ne wani ɓangare na masu narkar kuza na Riruwai suka yi ƙaura suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi. Inda mutane suka watse kuwa daji yakan maye gurbinsu, kuma ƙudan tsando, wanda ke jawo wa shanu cutar sammore, ya ƙara hana makiyaya daɗewa a bakin kogin. Waɗannan dalilai suna cikin abin da ya sa Turawan mulkin mallaka suka tarar da wannan yanki da ƙarancin jama'a da yalwar namun daji.

A zamanin mulkin mallaka da bayansa kamfanoni sun ci gaba da haƙar kuza a Riruwai, har aka kai ga haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse, amma aikin ya durƙushe a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Yau mazauna yankin, Hausawa da Fulani da Kurama, sun fi dogara ga noman masara da shinkafa da rake da kiwo, ga kuma masu haƙar ma'adinai da hannu waɗanda suke wanke yashinsu a ƙoramun da ke ciyar da kogin.

Dajin Falgore da halittunsa

Bayan kogin ya sauko daga duwatsu sai ya ratsa tsakiyar Dajin Falgore, wanda faɗinsa ya kusan murabba'in kilomita 1,000, ya kuma shafi ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, tazarar kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. An fara keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun daji na Kogin Kano, sannan a 1969, zamanin gwamnan Kano na farko Audu Bako, aka ɗaukaka shi ya zama gandun namun daji, wato wurin da doka ta hana farauta da sara da noma. Ta kudu maso gabas yana maƙwabtaka da gandun Lame-Burra na jihar Bauchi, kuma wannan kusanci yana da muhimmanci, domin dabbar dawa ba ta san iyakar jiha ba, tana bin ruwa da ciyawa ne duk inda suka kai ta.

Irin wannan daji masana suna kiransa dajin Gini na arewa, ma'ana daji mai matsakaitan itatuwa da doguwar ciyawa a tsakaninsu, wanda ya fi na Kano ta tsakiya duhu amma bai kai kurmin kudu ba. Itacen da ya fi yawa a cikinsa shi ne doka. Wanda ya ratsa dajin a ƙarshen rani, bayan gobara ta lashe ciyawa ta bar ƙasa baƙa, zai ga dokoki sun fitar da sabon ganye ja mai sheƙi tun ruwa bai sauka ba, kuma idan rana ta take zai ji busassun kwansonsu suna fashewa da ƙara suna watsa iri. Tare da doka akwai maje da kawo da marke da kirya da taura da kaɗanya da ɗorawa, a bakin kogi kuwa, inda jijiya take samun danshi duk shekara, ana samun kurmi siriri mai bin gaɓar ruwa, na maɗaci da kanya da ɗinya da tsamiya, wanda inuwarsa ba ta yankewa ko da bazara.

Wannan kurmin bakin ruwa shi ne matattarar namun daji da rani. Daga cikin dabbobin da aka sani a Falgore akwai gwanki, wanda yake cikin manyan dabbobi masu ƙaho na dajin Afirka ta Yamma, da gwambaza mai son zaman kusa da ruwa, da mazo da gada da mugun dawa, da gwaggon biri da jan biri, da kura da dila, ga kuma kada a guraben kogin. Tsuntsaye ma suna da yawa, tun daga zabin daji da fakara da burtu har zuwa zalɓe da balbela da shamuwa, wadda zuwanta yake shaida wa manomi cewa damina ta ƙarato, kuma saboda yawan ire-irensu ne ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, BirdLife, ta sanya Falgore da Lame-Burra cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye. Sai dai manyan dabbobin sun yi ƙaranci ƙwarai a 'yan shekarun nan, sakamakon farauta ba bisa ƙa'ida ba da cunkoson shanu da sarar itace don gawayi, musamman kirya da marke waɗanda gawayinsu ya fi daɗewa yana ci. A wajajen 2015 dajin ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya ta kafa filin atisaye a cikinsa a 2017.

Madatsar Tiga da sauyin kogi

A bakin dajin ta arewa kogin yana shiga tafkin Tiga, kuma daga nan labarinsa ya sauya. An gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari mai tsanani ya addabi ƙasashen Sahel, kuma tana cikin manyan ayyukan ruwa da gwamnatin Audu Bako ta aiwatar. Bango ne na ƙasa da aka dandaƙe, tsayinsa mita 48, tsawonsa kimanin kilomita 6, kuma tafkin da ya taru a bayansa ya mamaye murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya ɗauki kusan kubik mita biliyan 2 na ruwa, kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ke nan. Dubban mutanen da gidajensu da gonakinsu suke cikin kwarin sai da aka tashe su aka sake musu matsuguni.

Amfanin madatsar a bayyane yake. Daga Tiga ruwa yana bin babbar magudana ta Ruwan Kanya ya isa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da alkama da albasar da ake lodawa zuwa kudancin ƙasar nan duk da wannan ruwa ake noma su. Tafkin kansa ya zama wurin su, inda masunta suke kama ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, kuma matatar ruwa ta Tamburawa, wadda take cikin manyan matatun da ke shayar da birnin Kano, daga wannan kogi take ɗiba. Tare da haka ruwan da ke kwance a magudanai duk shekara ya ba wa sauro da dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya wurin hayayyafa.

A kusa da Tamburawa ne Kogin Kano yake haɗuwa da Kogin Challawa, wanda shi ma aka datse shi a ƙasar Ƙaraye a 1992, su biyun su zama Kogin Haɗeja. Bayan Wudil kogin yana barin ƙasa mai dutse a ƙarƙashi ya shiga ƙasa mai yashi da laka, sai ya rage gudu ya rarrabu ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are a wajajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta gefen Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi.

Abin da na ƙasa suka gani

Fadamun Haɗeja da Nguru da ambaliyar shekara-shekara suke rayuwa. Idan ruwa ya malala da damina kifi yakan bazu ya yi ƙwai, manomi ya shuka shinkafa, idan ya janye kuma a bi danshinsa da wake da sauran amfanin gona, makiyayi ya samu ɗanyar ciyawa, rijiyoyi kuma su cika saboda ruwan da ya nitse cikin ƙasa. Wannan dausayi har ila yau masauki ne ga ɗimbin agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa, waɗanda suke yin sheƙa a arewacin Turai da Saiberiya, a bakin koguna masu daskarewa da sanyi, sannan su ƙetare Bahar Rum da Hamadar Sahara su zo su yi hunturu a nan. Saboda wannan matsayi ne a shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Madatsun sun rage girman ambaliyar, sun kuma mai da kogin mai gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan sabon yanayi ya yi wa ciyawar kachalla daɗi, domin ita ba ta son ƙasa ta bushe, sai ta mamaye magudanai ta toshe su, ruwa ya karkata ya cinye gonakin wasu ya bar na wasu a bushe, tsuntsayen jan baki masu cin hatsi kuma suka samu maɓoya a cikinta. A wani nazari da masana Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa a 1998, sun nuna cewa ribar da ake samu daga noman rani a sama ba ta cike gurbin asarar noma da su da itacen da ake yi a fadamun ƙasa. Wannan ba hujja ba ce ta rushe madatsa, hujja ce ta a riƙa sakin ruwa da damina gwargwadon yadda kogin ya saba, yadda na ƙasa ma za su samu rabonsu.

Dalilin kiyaye mafarin kogi

Duk wannan dogon zango, daga Tiga har Chadi, ya rataya ne a kan abin da ke faruwa a Doguwa da Tudun Wada. Idan ruwan sama ya sauka a kan daji, ganye yana karya ƙarfinsa, busasshen ganyen da ke ƙasa yana tare shi, jijiyoyi kuma suna buɗa masa hanya ya nitse, daga baya ya riƙa tsatsowa cikin ƙoramu a hankali. Idan kuwa ya sauka a kan gangaren da aka sare aka ƙone, sai ya kwarara gaba ɗaya, ya kwashi ƙasar noma ya haƙa kwazazzabai, ya kai yashi da laka ya jibge a gindin tafkin Tiga. Kowace damina irin wannan tana rage wa tafkin zurfi, kuma yashe tafki mai wannan girma aiki ne mai matuƙar tsada. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a sha'anin madatsa maganin ma kusan babu shi.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki Falgore a matsayin wurin shaƙatawar masu yawon buɗe ido kawai, ko kuma maɓoyar ɓarayi da ya kamata a share a huta. Tsare shi yana bukatar isassun ma'aikatan gandun daji masu kayan aiki da albashi a kan kari, da fayyace burtalai da makiyaya da mashaya don kada makiyayi ya rasa inda zai nufa sai cikin gandu, da sa ido kan wankin ma'adinai a ƙoramu, da samar wa gidajen birni makamashin girki mai sauƙin kuɗi, tun da yake buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi birni suke tafiya. Yana kuma bukatar a sa mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin cikin shawara da cin moriya, ta hanyar halattattun sana'o'i irin su kiwon zuma da tsintar kaɗanya da ɗorawa, domin wanda yake samun abinci daga itace mai rai ba zai bari a sare shi ba. Manomin Kura da mai buɗe famfo a Kano da masuncin Nguru duk suna cin amfanin dajin da ba su ne suke tsaronsa ba, kuma adalci shi ne wani kaso na arzikin da ruwan yake samarwa ya riƙa komawa Doguwa da Tudun Wada ta fuskar hanyoyi da makarantu da asibitoci da aikin yi, don mutanen da aka ɗora wa nauyin kiyaye mafarin kogin su ga dalilin ci gaba da kiyaye shi.